Kukan kunne: in je a sa min lantarki a ka, ko in sayi na'urar gida?

Mai Niƙa: Assalamu alaikum. Kunnena na hagu yana kuka ba dare ba rana, kamar gyare, tun bara. Injin niƙa nake aiki da shi. An yi min gwajin ji, an ce na hagun kaɗai ya ragu. Wani asibiti a Alƙahira sun ce suna yin tDCS, wato sa ƙaramar wutar lantarki a ka, zama goma. In je, ko in sayi ta gida?

Abu Hanif: Wa'alaikumussalam. Ɗiga man zaitun da dare, datti ne.

Injiniya Zazzau: Datti ba ya hana a yi gwaji, Malam. Ga yadda tDCS take. Soso biyu, kowane santimita 5 da 7, a jiƙa da ruwan gishiri na asibiti, a ɗaure a ka. Wutar miliamfiya 1 zuwa 2 ce, minti 20, ana ɗaga ta a hankali cikin daƙiƙa 30. Wuri biyu ake sawa: ko saman kunnen hagu, ko goshi, soso mai ba da wuta a dama, mai karɓa a hagu. Na goshin ya fi rage damuwar kukan fiye da ƙararsa. A binciken Vanneste da De Ridder a Beljiyam, 2010, kusan kashi 30 cikin 100 suka ji sauƙi, kuma ba a kwatanta su da waɗanda aka yi wa na ƙarya, ba wuta, ba. Sauƙin ma yakan gushe.

Ɗan Kwari: Lantarki a ka? Da wace wutar? Mu ko firij ba ta ɗauka.

Umman Khalil: Kada ka saya, ɗan'uwa. An sayar wa ƙanina wata na'ura a intanet, batir mai bolt 9 ne da waya, babu abin da ke riƙe ƙarfin wutar. Ya jiƙa soson da ruwan famfo, ya bushe ana cikin yi, wutar ta taru a gefe guda. Har yau tabon na goshinsa. Mai sayarwar ya ce ƙuna alamar tana aiki ce, daga nan ya toshe lambarmu. Kukan yana nan, ga tabo, ga kuɗi sun tafi. Allah ya isa.

Injiniya Zazzau: Allah ya ƙara sauƙi, Hajiya. Wannan ba na'ura ba ce. Ta ƙwarai tana auna tirjiyar fata, in ta hau ta yanke da kanta. Ba a sawa kan ƙurji ko sabon aski. Mai farfaɗiya, mai ƙarfe a ka, mai batirin zuciya, duk su nisance ta.

Umman Khalil: Shi ma mai sayarwar haka ya tsara mu.

Abu Hanif: Nawa ce? Na ga ta dala 150.

Baban Zahra: Ina! Dala 4,000 ce.

Sista R: Abu biyu kuke haɗawa. Mai tsadar Lenire ce ta kamfanin Neuromod a Ireland, hukumar FDA ta Amurka ta amince da ita a 2023. A harshe take ba da wuta, kana sauraron sauti ta abin kunne, har mako 12. Ba tDCS ba ce. Ita tDCS, ƙa'idar likitocin Turai ta 2019 ba ta ba da shawarar yin ta ba. Abin da ta ƙarfafa shi ne CBT, zaman koyon rage damuwar kukan. Kuma ba wanda ya karanta tambayar. Kunne ɗaya ne! Hayaniyar inji yawanci biyun take ci. Kuka da raguwar ji a gefe guda sai an yi hoton kai na MRI, a tabbatar ba ƙari ne a jijiyar ji ba. Ka fara da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna kafin biza. In jin ya ragu sosai, na'urar ƙara ji ma kan danne kukan.

Baban Zahra: Ke likita ce?

Sista R: Sashen kunne nake aiki. Kai fa?

Baban Zahra: Injiniya ya kawo bincike da shekara, ke kin kawo tsoro.

Injiniya Zazzau: A nan maganarta ta fi tawa.

Ɗan Kwari: Ni maganar Hajiya na ɗauka, ita ta ga goshi.

Malam Kabo: Ku bar Alƙahira, ku dubi kemis ɗin unguwa. Zazzaɓi kaɗan, allurar jentamaisin, ba awo, ba gwajin ƙoda. Ita ke kashe ƙwayoyin ji, kuma ba sa dawowa. Kwinin da asfirin mai yawa su ma suna sa kuka, sai dai nasu kan tafi in an daina.

Umman Khalil: Wallahi! Har jarirai ake yi wa, uwa ce ma ke roƙo wai allura ta fi ƙwaya.

Abu Hanif: To in asibiti layi ne tun asuba, ina za mu?

Mai Niƙa: Na gode. MRI ɗin nawa ne a Kano?

Malam Kabo: Kai ma ka tuna, an yi maka allura kafin kukan ya fara?