Rile yana ƙara amma makunnin fitila yana zafi, ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Motar da nake tuƙawa ta yayana ce, shi ya damƙa mini ita bayan na bar sayar da takalma a kasuwar Kejetiya da ke Kumasi, kuma tun da na fara jigilar dare daga Kumasi zuwa Tamale nake fama da duhun hanya bayan Kintampo. Na sayo ƙarin fitilu biyu masu wat 55 da rile (ƙaramar na'urar da ke buɗe wa wuta hanya ko ta rufe) mai ƙafa huɗu a Suwame Magazin, unguwar makanikai da masu kayan mota a Kumasi, na haɗa da hannuna domin ba na son yaya ya ga ina ɓarnar kuɗi. Wayar makunni na raba biyu, ɗaya ta shiga ƙafar rile mai lamba 86, ɗaya ta shiga mai lamba 30. Fitilu suna kamawa, amma makunnin yana zafi har yana warin roba. Shin rilen ne ba shi da kyau?

Mai wayarin a Magazin: Wa alaikumus salam. Ƙanena, rilenka lafiyarsa lau, haɗin ne ya karkace. Rile ba ya samar da wuta, hanya kawai yake buɗe mata. Tsakanin ƙafa ta 85 da ta 86 akwai naɗin siririyar waya da ke zama maganaɗisu idan wuta ta ratsa shi, sai ya janyo ƙarfen da ke haɗa 30 da 87, ƙafar da ke kai wuta ga fitilu, kuma abin da naɗin ke sha bai kai rabin amfiya ba. Wutar da fitilu za su sha kuwa, kusan amfiya 9 a kan batir mai volt 12, dole ta taso daga batir kai tsaye ta waya mai kauri, da fiyus mai amfiya 15 kusa da kan batir, ta shiga 30. Kai ka ɗora dukan nauyin a kan makunni, wanda shi ne aka sayo rilen domin a sauƙaƙa masa.

Direba daga Aboabo: Ni ban yarda a ɗauko daga batir ba. Wani yaro ya yi mini haka, na manta fitila a kunne, da asuba sai da fasinjoji suka tura mota, kuma har yau bai zo ya ba ni haƙuri ba. A ɗauko ta bayan makulli.

Mai wayarin a Magazin: Alhaji, wayar 86 ce ake ɗaukowa ta bayan makulli, ba ta 30 ba. Idan aka kashe mota naɗin ya saki, fitila ta mutu.

Mai tambaya: Maigida, na ji, amma wayar da na sa mai kauri ce, kuma mai shagon ya ce rilen yana ɗaukar amfiya 30. Idan na canja makunnin da babba, ba shi ke nan ba?

Mai wayarin a Magazin: Amfiya 30 ɗin ta ƙarfen cikin rile ce. Ka sa fiyus kuwa?

Direba daga Aboabo: Kayan yanzu ma duk jabu ne, ko ka sa.

Mai tambaya: Gobe da dare zan yi lodi. Zan gwada babban makunnin tukuna.