Kun taɓa buɗe motar da ta daɗe a kwalinta? Me kuka tarar?

Mai Kabad Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu tara ƙananan motocin ƙarfe. Mun sha ja-in-ja a kan ko a buɗe kwali ko a bar mota yadda ta fito daga kamfani, kuma kowa yana nan a kan bakansa. Yau ba ra'ayi nake nema ba. Ina son wanda ya taɓa ajiye mota shekara da shekaru bai taɓa ta ba, sannan ya zo ya buɗe, ya gaya mana abin da idonsa ya gani. Nawa yawanci 'yan 1:64 ne, wato motar gaske ta ninka tsawonsu sau 64, irin waɗanda ake sayarwa a kan kati an rufe su da roba. Robar da ke rufe da wasunsu ta fara komawa rawaya, musamman na jerin da ke kallon taga, kuma ta bushe har in ka ɗan danna sai ka ji tana shirin tsagewa. Motocin ciki dai lafiyarsu lau a ido. Masu tara waɗanda suka fi waɗannan girma, ya abin yake a wajenku?

Tsohon Makanike:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ina da wata 1:18 baƙa wadda nake ji da ita, na bar ta a kwalinta cikin kabad, kwalin ko ƙwarzane babu. Ranar da na fito da ita na kwance kusoshin da suka ɗaure ta da farantin robar da take zaune a kai, na ɗaga, mota ta ƙi tasowa. Tayoyin huɗu duk sun manne da farantin. Da na lallaɓa na ɓamɓare ta, kowace taya ta bar zagayayyen gurbi a jikin robar, wurin ya yi laushi yana danƙo, ƙasan tayar kuma ya baje ya daina zama zagaye.

Ba nan abin ya tsaya ba. Kusoshin nan suna jan motar ƙasa, to sifirin ɗin ƙafafunta sun shekara a danne, gaban motar ya sunkuya bai sake miƙewa daidai ba. Siririyar ledar da ake ɗaure ƙofofi da bonet da ita ma ta bar layi a kan fenti, sai ka karkata motar ga haske kake ganinsa. Duk aikina na gareji ya koya mini cewa motar gaske in aka jingine ta ba a motsa ta, lalacewa take yi. Ban zaci ƙaramar ma haka take ba sai da na gani. Yanzu duk wadda ta shigo hannuna, ranar nake kwance ta daga farantinta, in cire ledojin, in sa ɗan katako a ƙarƙashin cikinta yadda nauyin ba zai zauna a kan taya ba.

Malamar Kimiyya:

Baba, abin da ya sami tayoyinka yana da dalili. Yawancin tayoyin nan ba robar itace ba ce, wata robar masana'anta ce mai suna PVC da aka cakuɗa da wani sinadari mai kama da mai domin ta yi laushi. Sinadarin ba ya zama wuri guda. A hankali yake tsattsafowa, idan kuma ya haɗu da roba mai tauri irin ta faranti ko ta wili sai ya narkar da ita. Zafi yana ƙara masa sauri. Shi ya sa a wasu tsofaffin motoci za ka ga wilin ya narke a cikin taya, ita kuwa tayar ta bushe ta tsattsage.

Nawa labarin ya fi wannan ciwo. Na gaji wani akwati na motocin mahaifina, Allah ya jiƙansa, an naɗe kowace a takarda. Yawancinsu garau. Amma akwai wata 'yar motar ɗaukar kaya da na warware na ga jikinta ya tsattsage kamar busasshiyar laka, ƙofar baya ta kumbura ta fi gurbinta girma. Ina ɗaga ta, mudugad ɗin gaba ya gutsure a yatsuna, cikinsa toka-toka, yana marmashewa. Na daɗe zaune da ita a hannu, domin ita ce wadda na fi tunawa da shi yana gogewa.

Daga baya na bi diddigin abin. Ƙarfen da ake zuba motocin nan da shi ana kiransa Zamak, a Ingila kuma Mazak. Tutiya ce mafi yawa, da alminiyum kusan kashi 4 cikin 100, da ɗan magniziyum, wani lokaci da jan ƙarfe. Kamfanin New Jersey Zinc na Amurka ne ya fito da shi a 1929, kuma sharaɗinsa shi ne tutiyar ta zama tsantsa, kashi 99.99 cikin 100. Idan dalma ko kuza ko kadmiyum suka shiga ciki, ko kaɗan ne, ƙarfen yakan fara ruɓewa daga ciki, ya kumbura, ya tsage. Danshi yana hanzarta shi. An fi ganin wannan ciwo a kayan wasa na shekarun 1930 zuwa 1950, amma yana ɓullowa jefi-jefi a na baya-bayan nan idan an yi sakaci wurin narka ƙarfe. Ba shi da magani, kuma ba ya yaɗuwa daga mota zuwa mota, don tun ranar zubi yake cikin wadda ta kamu. Abin da mutum zai iya shi ne ya rage danshi, ya kuma ɗauki hoton motar tun tana tsaye.

Kawun Tagwaye:

Allah ya jiƙan mahaifinki, Malama. Bari in kawo labari mai daɗi kada a ce duk ajiya asara ce. Ina da tsofaffin motoci samfurin Matchbox na zamanin Lesney, kamfanin da ya fara ƙera su, kowace a ɗan kwalinta mai kama da gidan ashana. Sun daɗe ƙwarai a durowa, wuri mai duhu kuma busasshe. Da na fito da su don in nuna wa tagwayen ƙanwata, fentin yana nan daram, tayoyin suna juyawa, iyaka dai bakin kwalayen ya ɗan yi laushi.

Ni a ganina wannan fargaba ta buɗewa kati ne ya kawo ta. Samfurin Dinky da aka fara a 1934, da Matchbox a 1953, da Corgi a 1956, da Tomica ta Japan a 1970, duk an san su da kwalin da za ka buɗe, ka duba motarka, ka mayar. Hot Wheels kuwa tun fitowarta a 1968 a kan kati take, an lulluɓe motar da roba an manne da gam. Wannan in ka buɗe, ka buɗe ke nan har abada. Asalin Matchbox ma ai don a riƙe a hannu ne: Jack Odell na kamfanin Lesney ya ƙera 'yar motar daɓe titi saboda makarantar 'yarsa ba ta yarda yaro ya zo da abin wasan da ya fi ƙarfin gidan ashana ba.

Mai Farautar Kati:

Kawu, gaskiyarka ne, amma ni dai akwai waɗanda ba zan buɗe ba. Treasure Hunt, wato Hot Wheels na musamman masu wuyar samu, da aka fara a 1995, da Super Treasure Hunt masu tayar roba da fenti mai ƙyalli da suka zo a 2007, rabin daɗinsu yana jikin katin. Ina sa kowace a gidan kariya na roba mai haske, in jera su a tsaye nesa da rana. Da na zazzage akwatin ajiyata kwanakin baya, na gidan kariya suna nan kamar yau aka saye su. Waɗanda na jibga a kwance kuwa, katinsu ya lanƙwashe, robar ta ƙasa ta lotsa saboda nauyin na sama, ɗaya har gam ɗinta ya saki ta gefe. Mota ta gama-gari idan ta burge ni biyu nake ɗauka, ɗaya ta kan tebur, ɗaya ta ajiya.

Mai Ɗaukar Hoto:

Ni dole nake buɗewa tunda hoto nake ɗauka, kuma kyamara tana tona abin da ido ya tsallake. Wata ja 1:43 ce, a gidanta na roba mai haske, ba a taɓa kwance ta ba. Daga nesa ba ta da aibu. Da na haska mata fitila daga gefe na matso da kyamara, sai ga rufin da bonet cike da ƙananan ƙuraje, kamar an yayyafa yashi kafin fenti ya bushe. Na shafa da bayan farce na ji gurji-gurji. Na wanke da ruwa da ɗan sabulu mai laushi, na goge da man goge fentin mota. Ƙyallin ya dawo, ƙurajen suna nan, domin daga ƙarƙashin fenti suka taso.

A cikin gidan nata kuma akwai ɗan soso da aka tokare bayan motar da shi. Ya ruɓe ya zama gari mai danƙo, ya manne a fitilun baya, sai da burushi mai laushi da haƙuri na fitar da shi. Tun daga nan duk soson da na gani cikin kwali cire shi nake, in maye gurbinsa da tsumma mai laushi.

Sabon Shiga:

Sannunku da ƙoƙari, iyayena da yayyena, na ƙaru sosai. Ban daɗe da farawa ba, kuma ɗakina yana da danshi. Jiya na buɗe wata 1:24 da aka ba ni kyauta, na ga farin abu kamar hoda a kujerunta da cikin gilashi, ga warin rima a kwalin. Jikin ƙarfen bai tsage ba. Malama, wannan shi ne ciwon da kika faɗa?

Malamar Kimiyya:

Kwantar da hankalinka, ƙanena. Yadda ka kwatanta, fumfuna ce, kuma tana fita. Ciwon ƙarfe a jikin ƙarfe yake nunawa: siraran tsaga, kumburi, ƙofar da da take rufuwa yanzu ta ƙi, ko ƙasan mota ya bauɗe. Ka goge kujerun da auduga a tsinke mai ɗan danshi, ka bar ƙofofin a buɗe a inuwa su sha iska. Kada ka kusanto da man cire jan farce, yana cin fenti kuma yana dusashe gilashin roba nan take. Kwalin ka shanya shi daban, kada ka mayar da motar ciki sai warin ya tafi.

Tsohon Makanike:

Ƙari a kan na Malama, ɗana: 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka riƙa tara su kana jefawa cikin kabad ɗin, kana sauya su lokaci-lokaci domin suna cika. Kabad ɗin kuma ka janye shi kaɗan daga bango, kada ƙasansa ya zauna kai tsaye a kan siminti. Idan ka gama gogewar, ka juya motar ka duba ƙasanta da wajen maƙalan ƙofa da kyau a cikin haske, ka dawo ka gaya mana abin da ka gani.