Ruwan wankin robobi ya ƙi kwanciya, dattin sai tasowa sama yake

Assalamu alaikum. Muna da ƙaramar masana'antar sake sarrafa tsofaffin gorunan roba na PET. Bayan inji ya niƙa su, muna wanke gutsattsarin da ruwan zafi mai soda kostik, kashi 2 cikin ɗari, don gam ɗin takardar jikin gora ya saki. Ruwan da ke fitowa daga wankin nan shi ya hana ni sakat.

Toka-toka ne mai kauri, ga kumfa, pH ɗinsa (ma'aunin ƙarfin asid ko alkali a ruwa) kuma yana kai 11 zuwa 12. Da farko alif kawai nake zubawa a tankin kwantarwa, ko gezau. Sai na koma sauke pH da asid zuwa kusan 7 kafin in sa alif. A gwajin kwalba komai lafiya lau, dattin ya dunƙule ya kwanta cikin minti 20. Amma a babban tanki sai dunƙulen ya taso, ya haɗu da ɓarɓashin roba da ragowar gam, ya zama wani danƙo da ke toshe matatar yashi duk bayan kwana biyu. Na ƙara alif, laka ce kawai ta ƙaru. Na gwada PAC (wani sinadarin dunƙule datti kamar alif), da kaɗan ya fi.

Ina zargin maiƙo da sabulun da ke cikin ruwan ne ke ɗaga shi.

Tunda dattin sama yake so, shin in haƙura da kwantarwa in sayi na'urar DAF mai kwashe shi da kumfar iska? Na gode.