Wane hali ne ya fi muhimmanci ga wanda aka ɗora wa shugabancin asibiti?

Jami'ar Lafiya ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a wannan aiki. An naɗa ni shugabar wata cibiyar kiwon lafiya matakin farko a ƙaramar hukumarmu, kuma cikin ma'aikatan da zan jagoranta akwai waɗanda suka girme ni a shekaru da kuma a aiki, har da ungozomar da a hannunta na koyi karɓar haihuwa. A makaranta an koya mana cike rajista da tsara jadawalin aiki da lissafin magani, amma ba a koya mana irin halin da ke sa ma'aikata su bi shugaba da zuciya ɗaya, jama'ar gari kuma su yarda su kawo masa matansu da 'ya'yansu ba. Ina roƙon waɗanda suka daɗe suna riƙe da irin wannan amana su faɗa mini abin da suka ga ya fi muhimmanci.

Likita Mai Ritaya ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata, Allah Ya taya ki riƙo. A ganina abu na farko shi ne tsayawa a kan gaskiyar aiki lokacin da matsin lamba ya zo daga sama, domin a kujerar da kika hau zai zo, ko daga ɗan siyasa ko daga mai kuɗi ko daga dangi. Ki tuna da Dakta Ameyo Stella Adadevoh. A watan Yuli na 2014 wani jami'i mai suna Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya ba shi da lafiya, aka kai shi asibitin da take aiki. Ta yi zargin cutar Ebola ce, alhali ba a taɓa ganin cutar a Najeriya ba, ta kuma ƙi sallamar sa duk da matsin da aka yi domin ya wuce taro a Kalaba. Ita kanta ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta na shekarar, amma saboda tsayuwarta da aikin masu bibiyar waɗanda suka yi cuɗanya da shi, cutar ta tsaya a kan mutum 20, takwas suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Najeriya ta rabu da ita. Taki jarrabawar ba za ta kai wannan girma ba, wataƙila takardar shaidar rashin lafiya ce ta ƙarya za a ce ki sa wa hannu, amma ƙananan ma'aikata suna kallo, kuma daga ranar da kika sunkuya ba za ki ƙara iya hana su sunkuyawa ba.

Tsohuwar Shugabar Ma'aikatan Jinya ta amsa:

Likita, ranka ya daɗe, ban musa maka ba, sai dai irin wannan rana jefi-jefi take zuwa, alhali adalci kullum ake auna shi. Ƙanwata, wurin da za a fara gane ko ke wace ce shi ne jadawalin aikin dare. Idan aka lura sunan ƙawarki ba ya faɗawa a daren Sallah, ko kuma a ce mutum ɗaya ne kullum ake turawa taron bita inda ake ba da alawus, to kin rasa ma'aikatanki ko da suna gaishe ki da ladabi. Ki liƙa jadawalin a bango inda kowa zai gani, ki sa sunanki a ciki.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi kayar da shugabannin ƙananan asibitoci. Tsarin juya kuɗin magani, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar Bamako ta 1987, ya dogara ne kacokan ga amanar mai riƙe da makulli: a sayar da magani, a mayar da kuɗin a sayo wani. Da zarar an fara rance a ciki da niyyar mayarwa ƙarshen wata, sai kantar magani ta wayi gari babu komai, mai naƙuda ta zo da tsakar dare tana zubar da jini, a miƙa wa mijinta takarda ya fita neman allura a gari. Haka nan kuɗin asusun kula da lafiya matakin farko da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa, idan cibiyarki tana samu, kada ki taɓa kashe ko kwabo ba tare da kwamitin lafiya na mazaɓa ya san inda ya tafi ba. Ki riƙa buɗe musu littafin tun kafin su tambaya.

Jami'in Rigakafi ya amsa:

Hajiya da Likita sun yi magana a kan cikin asibiti, ni kuwa zan ƙara da haƙurin sauraron mutanen da ke wajensa. A 2003 an dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda shakkun da jama'a suka yi, kuma ko bayan an dawo da shi a 2004 gidaje da yawa sun ci gaba da rufe ƙofa. Abin ya sauya sosai ne lokacin da Dakta Muhammad Ali Pate yake shugabantar hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa, aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a 2009 da goyon bayan Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Muhammadu Sa'ad Abubakar. Yaran da cutar ta kama a Najeriya sun ragu daga 798 a 2008 zuwa 21 a 2010. Magidancin da ya ce wa ma'aikaci, me ya sa kuke bin mu gida da ɗigon baki kyauta amma idan yaro ya yi zazzaɓi babu magani a asibiti, tambaya ce mai ma'ana ya yi, kuma shugaban da ya ɗauke shi jahili ba zai taɓa shawo kansa ba. Kafin ki zauna a ofis, ki je ki gai da dagaci da limami da ungozomomin gargajiya, ki ji kokensu kafin ki faɗi naki.

Jami'ar Lafiya ta amsa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, saura maganar ungozomar da ta koyar da ni, domin ita ce ta fi yi mini nauyi.

Tsohuwar Shugabar Ma'aikatan Jinya ta amsa:

Ki ci gaba da kiran ta da sunan girmamawar da kika saba, ki nemi shawararta a gaban mutane a kan abin da ta fi ki sani, musamman a ɗakin haihuwa. Idan ta yi kuskure, ki same ta ku biyu ki faɗa mata dalla-dalla, ba tare da kewaye-kewaye ba, kuma kada ki bari ya wuce saboda kunya, domin mai haihuwa ce za ta ɗauki sakamakon shirunki. Ki yi wannan zama da ita tun makon farko, kafin wata matsala ta taso.