Wace kalma za mu sa wa cryopreservation a Hausa?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Ana neman kalmar Hausa ga abin da Turawa ke kira cryopreservation, wato ajiye ɗan yankin tsiro mai rai cikin ruwan naitirojin, a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ya shekara da shekaru, ranar da aka ciro shi ya sake tofowa. Ayaba, rogo, doya da dankali ne suka fi buƙatarsa, tunda ba da ƙwayar iri ake yaɗa su ba. Wasu na rubuta "ƙanƙarar da tsiro". Ya kuka gani?

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah a cire ƙanƙara daga maganar, domin ita ce abokiyar gabar aikin. Mafi yawan jikin toho ruwa ne. Ruwan nan na zama ƙanƙara sai tsinayenta su huda bangon ƙwayoyin halitta, a ciro tohon a tarar ya yi baƙi ya ruɓe. Duk wahalar da ake sha ta hana ƙanƙara fitowa ce.

Ga yadda ake yi a hanyar ɗigo. Ana yanko kan toho kamar milimita 1 a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya kwana ɗaya ko biyu a kan abincin tsiro mai sukari da yawa. Sai ya yi minti 20 cikin haɗin gilisarol da sukari, sannan a mayar da shi ruwan PVS2, wani haɗin sinadarai da masanin Japan Sakai da abokan aikinsa suka fitar a 1990: gilisarol kashi 30 cikin ɗari, etilin gilaikol kashi 15, DMSO kashi 15, da sukari. Wannan ruwa zuƙe ruwan tohon yake yi, amma yana da guba, shi ya sa ake aikin a digiri sifili, ido na kan agogo. An gaza lokaci, ƙanƙara ta kashe shi. An zarce, gubar ta kashe shi. Daga nan a ɗora toho cikin ɗigo a kan siririn fallen alminiyam, a tsoma kai tsaye cikin naitirojin. Saurin sanyin ne ke sa ruwan da ya rage ya ƙame kamar gilashi.

Mai fassara: Malama, kin warware mini matsala. To "daskarewa" fa? Bahaushe na cewa kaki ya daskare, jini ya daskare, ƙaro ya daskare a jikin bishiya, babu ƙanƙara ko ɗaya a ciki. Ƙaron ma ya fi kama da abin da kika kwatanta. Shawarata ita ce "daskarewar gilashi".

Malamin kimiyyar tsirrai: Daskarewa ta zauna daram, amma gilashi ya taƙaita ma'anar. Hanya ɗaya ce cikin hanyoyi, wadda ake kira vitrification, ita ya kamata a bar wa "daskarewar gilashi". A rumbun tsirrai da ke Fort Collins ta Amurka, idanun reshen tuffa masu barcin hunturu ake busarwa har ruwansu ya sauko wajen kashi 30 cikin ɗari, a riƙa rage zafi digiri 1 a kowace awa har 30 ƙasa da sifili, kafin a sa su a tururin naitirojin. A nan da gangan ake barin ƙanƙara ta fito a wajen ƙwayoyin, ta janye ruwan cikinsu. Babbar kalmar dole ta rufe duka biyun, kuma ta nuna manufa, wato ajiya. Ni "ajiyar daskare" nake gani.

Mai buɗe zance: Allah gafarta Malam, ba za ta rikice da ta rumbun iri na Svalbard a ƙasar Norway ba? Can ma ai sanyi ne.

Malamin kimiyyar tsirrai: Ba za ta rikice ba. Svalbard digiri 18 ne ƙasa da sifili, kuma busasshen iri ake kaiwa, wanda ruwansa bai wuce kashi 3 zuwa 7 cikin ɗari ba, babu abin daskarewa a cikinsa. Wannan "ajiyar sanyi" ce. Ayabar da ke rumbun tsirrai na Leuven ta Beljiyam da dankalin cibiyar binciken dankali ta duniya (CIP) a Lima ta Peru su ne ke "ajiyar daskare". Irin koko da mangwaro kuwa busarwa kashe shi take yi, ajiyar sanyi ba ta karɓarsa.

Mai fassara: Na amince da "ajiyar daskare" da "ajiyar sanyi". Saura cirowa: "narkarwa" za mu ce?

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Ina tsoron narkarwa, Malam, don mai karatu zai ɗauka a ajiye ne ya ɗumama a hankali, kuma a nan ake asarar toho da yawa. Gilashin na haura digiri 130 ƙasa da sifili sannu a hankali, sai ƙanƙarar da aka guje wa ta fito. Fallen ake cirowa a jefa nan take cikin ruwan sukari mai kauri a ɗumin ɗaki, ya yi minti 15 zuwa 20 PVS2 ya fita, sannan a sa tohon a duhu kamar mako guda. A ce "ɗumamawar gaggawa". "Farfaɗowa" kuma a ajiye ta sai toho ya fitar da sabon ganye, domin wanda ya yi kore kawai ko ya tara ƙullutun nama ba a ƙidaya shi.