Zoben jijiyar aorta yana tsukewa amma ya ƙi saki da asetilkolin

Assalamu alaikum. Mako uku ke nan ina fama da gwaji ɗaya, kaina ya ɗaure.

Ina aiki da jijiyar aorta ta ɓera, wato babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya. Nakan yanka ta zobe-zobe, kowanne kamar milimita 3, in rataya a ruwan Krebs (ruwan gishiri mai raya nama a wajen jiki) mai zafin digiri 37, da iskar oksijin kashi 95. Idan na zuba fenilefrin, maganin da ke tsuke jijiya ta hanyar kama makarɓarsa a jikin tsoka (risefta alfa-1), zoben yana tsukewa sosai, layin da ke nuna ƙarfin tsukewa a kan kwamfuta ya hau ya tsaya cak. Da na bi shi da asetilkolin kuwa, sinadarin da ya kamata ya sake shi, ko gezau. Wani lokacin ma sai layin ya ɗan ƙara hawa.

Na haɗa sabon asetilkolin da safe na ajiye kan ƙanƙara, na tabbatar pH (ma'aunin tsami) yana 7.4, na bar zoben ya huta awa ɗaya kafin in fara. Sodiyam naitrofurusaid, maganin da ke sakin tsoka kai tsaye, yana sakin sa gaba ɗaya, wato tsokar lafiyarta ƙalau. Shi ya sa zargina ya koma kan shimfiɗar ciki, endotiliyam, tunda masanin magunguna Furchgott ya nuna tun 1980 cewa idan ta goge, asetilkolin ba ya sakin jijiya. Ban goge ta da gangan ba, amma nakan zura ƙugiyoyin ƙarfe biyu ta cikin ramin, kuma gaskiya hannuna yakan ɗan yi rawa.

Wace hanya kuke bi wajen gyara jijiyar da rataya ta ba tare da kun lalata wannan shimfiɗar ba? Na gode.