Neman kalma: motar da Bature ke kwana a cikinta da hunturu, da inda yake ajiye ta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau ma da ƙoƙon bara na zo.

An ba ni wani rubutu in mayar da shi Hausa, a kan Turawan da ke ɗaukar hutu a tsakiyar hunturu su shiga mota su yi ta yawo, a cikinta girki, a cikinta barci. Kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya: campervan, wato motar kanta, da campsite, wato filin da ake ajiye ta a kwana. Akwai kuma na uku da ya fi su wuyar sha'ani: wuraren da ba sa rufewa duk shekara.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ku ɗauki hayis ku cire kujerun baya, ku sa gado, da murhun gas mai kai biyu, da ɗan firji, da tankin ruwa. Manyan cikinsu har da bayi da wurin wanka. Jamusawa na ce mata Wohnmobil, Faransawa camping-car, wanda 'yan uwanmu na Nijar za su fi ganewa. Ba sabon abu ba ne: Volkswagen ya fara ƙera ƙaramar bas ɗinsa a 1950, a 1951 kamfanin Westfalia ya fara sa mata kayan kwana. Yawancinsu ba sa wuce kilo 3,500, don iyakar abin da lasin ɗin tuƙi na kowa da kowa ya yarda da shi ke nan a Turai.

Da farko na rubuta "motar kwana". Na karanta wa maiɗakina, ta ce, "Gobara aka yi a ina?" Nan na tuna da 'yan kwana-kwana, na goge.

Da na nemi shawarar 'yan uwa, wani malamin makaranta daga Katsina ya rubuto:

Malam, me zai hana "gida mai taya"? Gajere ne, yaro ma zai gane.

Na gode, Malam. Na juya shi a baki, amma yana kawo mini hoton gidan da aka ɗora wa taya, alhali wannan mota ce da aka mayar ɗaki. Kuma akwai wani abin da sunan ya fi dacewa da shi, za mu zo kansa.

Wata Hajiya daga Damagaram ta rubuto:

Ɗana, kana neman abin da ke cikin aljihunka. Muna yara Nasara kan ratso hamada daga Aljeriya, su biyo ta Arlit da Agadas, su wuce ta garinmu su nufi Kano, cikin irin waɗannan motocin, da jarkoki a ɗaure a sama. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, tafi-da-gidanka yake ce musu. Wannan tun kafin a san wata aba waya a hannu.

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Wallahi kunya ta kama ni.

Wani matashi ya sa baki:

Amma Yaya ai tafi-da-gidanka waya ce. In ka rubuta haka mutane za su zaci salula kake nufi.

Ƙanena, yaushe rabon da ka ji wani ya ce "miƙo mini wayar tafi-da-gidankata"? Lokacin da layukan salula suka shigo Najeriya a 2001 an yi yayin wannan suna, don a bambanta ta da wayar girke ta ofis. Da wayar girke ta mutu, sunan ya koma waya kawai. Inda ya rage da ƙarfinsa shi ne kotun tafi-da-gidanka, wadda ta kama mutane da yawa lokacin kullen korona a 2020. To ka duba: waya ba ta tafiya da gidan kowa, kotu ma haka, aron sunan suka yi. Wannan motar ce kaɗai in an ce mata tafi-da-gidanka ba a yi ƙarya ko ta harafi ɗaya ba. Mai kaya ya zo, a ba shi kayansa. Za mu ce motar tafi-da-gidanka, kalmar mota a gaba ta raba gardama.

Shi kuwa "gida mai taya" na Malamin Katsina, na ajiye shi wa caravan, wato ɗakin da ba shi da inji, sai an ɗaura shi a bayan mota an ja. Shi ne ma babba a shekaru. Wani likita ɗan Sikotlan, William Gordon Stables, ya sa an ƙera masa irinsa a 1885, dawakai ke ja, kuma ƙungiyar masu irin wannan ɗaki a Birtaniya tun 1907 take. Abin da ya ba ni dariya shi ne asalin kalmar caravan ɗin kanta. Daga Farisanci ta fito, ma'anarta ayari. Wato Bature ya ari ayari ya sa wa ɗaki guda.

Wani dattijo daga Kumasi ya rubuto:

Tunda ka ambaci ayari, ai ka amsa tambayarka ta biyu da bakinka. Ina ayari yake sauka? Ni a zango aka haife ni, a zango aka haifi ubana. Kakanninmu fataken goro ne masu zuwa Gwanja, suna saukewa a Salaga. Inda madugu ya ce a sauke kaya, nan ne zango: wajen gari, kusa da ruwa, da wurin ɗaure dabbobi, da mai kula da wurin da ake ba wa ɗan abin da aka saba. Namu ya daɗe har ya zama unguwa. Na Bature bai kai nan ba tukuna.

Baba, ranka ya daɗe, wannan magana ta zauna. Na jera abin da ke cikin campsite na Turai na ga babu abin da zango bai riga shi ba. Fili ne a bayan gari, an yanka shi gida-gida, kowace mota da gurbinta. Akwai famfo, akwai bayi da wurin wanka, akwai mai wuri da ake biya kuɗin kwana. Inda jaki ke samun harawa, mota na samun turken lantarki da ake jona mata waya. Har karin maganar ma a shirye take: sun yada zango a gindin dutse, gobe su tashi.

Wani ya kawo "sansani". Ban karɓa ba. Sansani na mayaƙa ne tun asali, yau kuwa da ka furta shi zuciyar mai sauraro ta tafi ga 'yan gudun hijira. Ba zan sa mai hutu da kofin shayinsa a kalma ɗaya da wanda aka ƙone wa gari ba. "Masauki" kuma yana nufin akwai ɗaki da mai masauki da ya shimfiɗa maka tabarma, alhali nan kai ka zo da ɗakinka.

Aibi ɗaya na gani a zango: 'yan makaranta sun riga sun ɗauke shi, zangon farko, zango na biyu, masu shirya fim mai dogon zango ma sun bi sahu. In na rubuta "zangon hunturu" wani zai zaci jarrabawa ake magana. Don haka a ambaton farko zan ce zangon motocin tafi-da-gidanka, daga nan in ci gaba da zango kawai.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe, maganar rashin rufewa. Ku san cewa da yawan zangunan Birtaniya da arewacin Turai rufewa suke daga wajen ƙarshen Oktoba, sai kusan Maris ko Afrilu a sake buɗewa. Ruwa kan daskare a bututu ya fasa shi, ciyawar filin ta jiƙe ta zama taɓo mota ta kafe, baƙin ma sun ragu. Wanda ya bar ƙofarsa a buɗe sai ya zuba tsakuwa ko ya yi daɓe inda mota za ta tsaya, ya sa abin ɗumama a bayi. Shi ya sa masu yawon hunturu ke neman waɗannan wurare da suna, kamar yadda direban dare ya san gidan man da ba ya rufewa.

Na ɗanɗana da kaina shekarun da nake karatu a Ingila. Mu uku muka yi hayar irin wannan mota a watan Disamba muka nufi arewacin Sikotlan. Masu ba da hayar suka haɗa mu da tukunyar gas shuɗiya, ba su ce mana komai ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ashe gas iri biyu ne. Na shuɗiyar tukunya butan ne, shi kuwa da sanyi ya kai inda ruwa ke daskarewa sai ya kwanta a tukunya ya ƙi tashi. Na jar tukunya, furofen, sai sanyi ya kai digiri 42 ƙasa da sifili kafin ya yi wannan taurin kai. Muka tashi da asuba, murhu ya ƙi kamawa, famfon motar ya ƙi kawo ko ɗigo. Da ruwan gora da muka kwana da shi cikin bargo muka yi alwala. Gilasan motar kuwa duk sun jiƙe daga ciki da tururin numfashinmu. Ga rana ba ta kai ƙarfe huɗu take faɗuwa, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar ana korarsu. Abin da ya cece mu bayin zangon ne, mai ɗumi, har muka rasa mai son fitowa.

Hajiyar Damagaram ta dawo:

To wannan wahala ita ce hutu? Allah ya shirya. Amma kalmarka ba ta da wuya. Mu abin da ba ya yankewa cewa muke rani da damina. Rijiyar nan tana da ruwa rani da damina.

Matashin nan ya ce ai Turai ba su da rani da damina, lokuta huɗu gare su, kuma hunturu ne abin magana. Gaskiyarsa ta fuskar yanayi. Amma Bahaushe in ya ce rani da damina ba lissafin watanni yake ba, yana nufin kullum, hunturu da bazara duk suna ciki. Na haɗa da aikatau ɗin kasuwa, tunda kasuwa ci take yi: zangon da ke ci rani da damina. Wani ya kawo "mashekari", kalma mai daɗi, sai dai tana nuna wurin da makiyayi ya zauna ya daɗe. Mu wurin ne ke daɗewa a buɗe, baƙon kwana uku zai yi.

Hunturu kuwa na bar shi yadda gidajen rediyo suka saba, ko da yake namu busasshe ne mai hazo, nasu jiƙaƙƙe.

Saura mutanen kansu, don kashi biyu ne. Akwai masu bin sanyin har gidansa, su hau duwatsun Ostiriya da Faransa don wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Waɗannan sai da shiri, domin tun 2021 dokar Faransa ta wajabta tayoyin hunturu ko sarƙar taya a yankunan duwatsu daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. Akwai kuma masu gudunsa, yawanci tsofaffi 'yan fansho, da ke gangarawa kudancin Sifen da Fotugal, wasu su sa motar a jirgin ruwa su tsallaka Maroko su yi watanni a wajen Agadir. Na biyun nan na sa musu 'yan cin hunturu, a kan ma'aunin 'yan cin rani.

Malamin Katsina bai yarda ba. Ya ce ɗan cin rani talauci ya fito da shi, yana ga-ruwa ko yankan farce a birni, waɗannan kuwa daɗi ne ya yi musu yawa. Na ce Malam, ɗan cin rani yana barin gida ne don hatsin rumbu ya kai damina, tsohon Bature ma yana lissafin kuɗin ɗumama gida da zai huta biya. Ya ce ko kusa ba ɗaya ba ne. Ba mu daidaita ba, don haka na cire shi daga fassarar, amma ban goge shi daga littafina ba.

Ga jimlar yadda za ta tafi wurin mai aikin: "Masu yawon hunturu da motocin tafi-da-gidanka kan nemi zangunan da ke ci rani da damina."

Sakin layi na gaba yana magana ne a kan ramin da ake zuwa a juye tukunyar bayin motar kowace safiya. Na rubuta "masai" na goge, na rubuta "shadda" na goge. Baba na Kumasi, a zangon fatake me ake ce wa wannan wurin?